Hoton asibiti da ƙashin iyayenmu mata: me radiyo ke gani, me ke ɓace masa?

Duk mai zama a babbar kasuwar Tawa, ko mai cin kasuwannin Barmu da Keita, ya san irin wannan labari. Tsohuwa ta zame a bakin rumfa, faɗuwar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, sai ga wuyan hannu ya karye, ko ƙugu ya tsinke ta kasa tashi. Wata kuma ba ta faɗi ba, bayanta ne ke ta ranƙwafawa shekara bayan shekara. Mukan ce tsufa ne, mu wuce. Likitoci kuwa suna da suna ga wannan ciwo: zaizayewar ƙashi, wato ƙashi ya zama kamar itacen da gara ta cinye ta ciki, waje lafiya lau.

Ciwon ya fi kama mata bayan tsayawar jinin al'ada, domin sinadarin istirojin da ke tsaron ƙashi yana raguwa a lokacin. Gidauniyar duniya mai yaƙi da wannan ciwo, wadda ke jagorantar ranar 20 ga Oktoba ta kowace shekara don faɗakarwa, ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 za ta gamu da irin wannan karaya. A Adar, inda maza da yawa ke tafiya cin rani Abijan ko Libiya, tsohuwar da ke sayar da albasa ko ƙuli-ƙuli ita ce sau da yawa ke riƙe da tukunyar gida. In ta kwanta, jari ya kwanta, ƴarta ma ta bar tata sana'a ta koma jinya.

Abin tambaya a nan shi ne: in mun kai ta asibiti aka yi mata hoto, yaya za mu amince da abin da hoton ya faɗa?

Hoton da muka fi sani shi ne radiyo, irin wanda ake yi a babban asibitin jihar Tawa ko asibitin Galmi. Wajen nuna karaya, radiyo gwani ne. Yana kuma taimaka wa likita ya bambanta gaɓar bayan da ta murƙushe da wasu cututtuka, kamar tarin fuka da ya shiga ƙashin baya. Amma wajen gano zaizayewa tun da wuri, idonsa bai da kaifi: sai ƙashi ya rasa kimanin kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa kafin abin ya fito sosai a hoto. Ke nan in an ce miki "hotonki ba komai", ma'anarsa ba a ga karaya ba. Bai zama shaidar cewa ƙashinki na da ƙwari ba.

Na'urar da aka ƙera don auna kaurin ƙashi ita ce Deksa, wadda ta fito a 1987. Tana auna ƙugu da ƙasan baya cikin ƴan mintuna. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da ma'auni: in lambar mace ta kai 2.5 ƙasa da ta matashiya mai lafiya, tana da ciwon. Sai dai na'urar na da tsada, kuma a Afirka kudu da Sahara ba ta da yawa, inda take ma a manyan birane ne. Ita ma ba ta rasa kuskure. Amosanin gaɓɓai na ƙashin baya, wanda ya yawaita ga tsofaffi, yakan sa lamba ta hau, ƙashi mai rauni ya fito kamar mai ƙarfi. Ma'aunin da ake gwada mata da shi kuwa an ɗauko shi ne daga fararen matan Amurka masu shekara 20 zuwa 29. Ga shi kuma bincike ya nuna fiye da rabin matan da ke karyewa lambarsu ba ta kai wancan mizani ba. Shi ya sa a 2008 jami'ar Shefild ta Ingila ta fito da wani lissafi mai suna FRAX, wanda ke haɗa shekaru, nauyin jiki, tarihin karaya da magungunan da mace ke sha, ko da babu hoto.

Mu a Nijar muna da namu darasi. A Tibirin Gobir, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuluwo ya lanƙwasa ƙafafun ɗaruruwan yara daga shekarun 1980 zuwa wajen 2000. Irin wannan sinadari kan sa ƙashi ya fito fari tas a hoto, alhali gautsi ne da shi. Ashe ba duk farin hoto ne lafiya ba. Haka ma ƴar na'urar da ke auna dunduniya da sauti: tana nuna wadda ya kamata a ƙara dubawa, ba ta yanke hukunci.

To, mene ne abin yi? Akwai alamun da ba su buƙatar na'ura. Karaya daga faɗuwar tsaye bayan shekara 50, raguwar tsawo da santimita 4 ko fiye, tsayawar al'ada kafin shekara 45, rama sosai, ko uwa ta taɓa karya ƙugu: duk wadda ke da ɗaya daga ciki ta faɗa wa likita da bakinta. Karayar ƙugu ko ta ƙashin baya daga ƙaramar faɗuwa ta isa likita ya fara magani, kuma akwai ƙwayoyi irin su alendoronat da ke rage karayar baya da kusan rabi. Mai ɗori na iya haɗa hannun da ya karye, amma sauran ƙasusuwan jikin suna nan da rauninsu, karaya ta biyu na jiran hanya.

Wani abin kuma a hannunmu ƴan kasuwa yake. Ƙwayoyin sa ƙiba irin su dekisametazon, da ake sayarwa a tire ba takardar likita, suna cikin manyan masu cinye ƙashi in aka daɗe ana sha. Ribar da ke cikinsu ba ta kai kuɗin jinyar ƙugu ɗaya ba. Abin da ke gina ƙashi kuwa yana gabanmu: nono, cukun Abalak, ƙananan kifin Tabalak da ake ci da ƙayarsu, zogale, kuka da riɗi, tare da tafiyar ƙafa da ɗan shan hantsi.

Ga hukuma, kulawar kyauta da aka faɗaɗa a 2006 ta dubi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki, kuma ta yi amfani. Matan da suka haifi waɗancan yaran yanzu suna dosar shekara 50. Tsinken awon tsawo da tambayoyi biyar a kowace ƙaramar likita, daga Kalfu zuwa Takanamat, ba za su ci kuɗin na'ura ɗaya ba. Allah ya ba iyayenmu lafiya, amin.