Iskar Da Ke Cikin Balan-balan

A Daura, ranar Hawan Magajiya ko lokacin Kirsimeti, yara sukan matsa mana lamba mu saya masu balan-balan mai tashi sama. Kafin mu miƙa kuɗi, ya kamata mu san iskar da aka ɗura masa, gama iri biyu ce.

Ta fari ita ce hiliyam, wadda masana suka fara ganin alamarta cikin hasken rana a 1868. Wuta ba ta ci sai abu ya haɗu da oksijin, hiliyam kuwa ba ruwanta da oksijin. Ƙwayar zarrarta tana da elektiron 2, sun kuma ishe ta, ba ta karɓa, ba ta bayarwa. Ko an kusantar da ashana ba za ta kama ba.

Ta biyu ita ce haidirojin. Ta fi araha, shi ya sa waɗansu masu talla suke ɗura ta. Ita kam da ta gamu da oksijin da ɗan tartsatsi, sai fashewa. Ita ce ta cinye Hindenburg, jirgin sama na Jamus, a Amurka a 1937, mutum 36 suka mutu.

Saboda haka, iyaye, mu tambayi mai talla. Kada balan-balan ya kusanci murhu ko fitila. Kada kuma yaro ya zuƙi hiliyam don muryarsa ta sirance, gama takan kori oksijin daga huhu, har numfashi ya ɗauke.