Motarka fowil ce, to sai me?

Jama'a, tunda damina ta kankama, bari in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san masu jif a cikin abokaina ba za su ji daɗinta ba, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku taso mini da gardama.

Shekaranjiya a ofis ana hirar ruwan da aka tafka ranar Lahadi, sai wani abokin aikinmu da bai daɗe da sayen Highlander ba, bayan ya shekara uku yana zubi, ya ce shi yanzu ruwa ba ya sa shi rage gudu, wai "ai motata fowil ce, tana kama ƙasa." Aka yi dariya aka wuce. Ni ban yi dariya ba, domin na taɓa jin wannan maganar a cikin mota, mintuna kaɗan kafin mu ga mutuwa muraran.

Damina biyu da suka wuce ne, cikin watan Agusta, muna dawowa Kano daga ta'aziyya a Zariya. Motar ƙanena ce, ɗan kawuna, Lexus RX 350 'yar Kwatano. Shi ke tuƙi, ina gefensa, a baya akwai gwaggonmu da matarsa da goyo. Muna dab da Kwanar Dangora ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na duba maleji na ga 120. Na ce masa ya sassauta ƙafa. Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, wannan ba Corolla ba ce, fowil ce."

Ba a yi nisa ba muka shiga wani wuri da ruwa ya kwanta a kan kwalta. Abin da na fara lura da shi, ƙarar taya ta ɗauke, motar ta zama kamar kwalekwale. Ya juya sitiyari, ba ta bi ba. Ya danna birki da ƙarfi, bayanta ya zagayo. Sai salatin gwaggo kawai nake ji. Muka bar titi muka faɗa gonar dawa. Allah Ya sa gonar a shimfiɗe take kuma babu mota a kusa. Gwaggo ta samu tsagewar ƙashi a hannu, sauranmu tsoro ne kawai ya rage mana.

Washegari a gareji, bakanike ya shiga ƙarƙashin motar, ya leƙo ya ce wa ƙanena, "Alhaji, wa ya ce maka fowil ce? Ai babu farfela." Ashe wanda ya riƙe ta kafin shi ya sa an kwance sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Rubutun AWD dai yana nan a but yana ƙyalli. Har gobe ana tsokanarsa da wannan a gida.

To amma ga abin da nake so a gane: ko da farfelar tana nan daram, da abin da ya same mu sai ya same mu.

Fowil aikinta ɗaya ne, raba ƙarfin inji ga tayoyi huɗu maimakon biyu. Wato tana taimaka wa mota ta tashi, ta ja, ta hau. Shi ke nan. Birki kuwa, kowace mota da ke kan titi tayoyinta huɗu ke da shi, daga tsohuwar Golf ɗin haya har Land Cruiser ɗin gwamna. Da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur ka ɗora a birki, fowil ta gama nata, kai da mai Corolla kun zama ɗaya. Kai ma ka fi shi matsala, domin motarka ta fi nauyi, kuma ta fi tsayi, saboda haka ta fi saurin kifewa idan ta zame ta daki gefen titi.

Duk nauyin motar nan, da kai da iyalinka, a kan wurare huɗu yake, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Nan ne roba ke taɓa kwalta. Tashi, tsayawa, shan kwana, duk daga riƙon waɗannan wuraren suke cin abinci. Zanen da ke jikin taya ba ado ba ne, magudanar ruwa ce. Idan ruwan da ke kan titi ya fi ƙarfin abin da zanen zai iya korewa, sai taya ta hau kan ruwan ta rabu da ƙasa. A wannan lokacin ko tayoyi takwas inji ke juyawa, a banza, ruwa suke juyawa. Da tayar da ta suɗe, wannan yana iya farawa tun daga wajen kilomita 70 zuwa 80 a awa. Mu muna kan 120.

Wani lissafi kuma na ɗan sakandare: idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ya ninku sau huɗu, ba sau biyu ba. A jiƙaƙƙen titi kuma ka sake ninka shi. Mai gudun 120 yana cin mita 33 a kowane sakan ɗaya. Kafin ƙwaƙwalwarka ta gaya wa ƙafarka cewa ga tirela can ta lalace babu ko ganye a bayanta, ka riga ka ci tsawon motoci shida ko bakwai.

Abin da ya fi ba ni tsoro da fowil shi ne tana ɓoye santsi. Mai ƙaramar mota idan ya taka totur a jiƙaƙƙen titi, tayarsa ta gaba za ta ɗan yi ƙara ta zame, sai jikinsa ya ba shi cewa yau ƙasa ba ta da riƙo, ya shiga taitayinsa. Mai fowil ba ya samun wannan gargaɗin. Motarsa tana tashi lafiya lau kamar a rani, sai ya ɗauka titin lafiya yake. Ba zai san gaskiya ba sai ya zo kwana ko ya nemi birki, lokacin kuma bakin alƙalami ya bushe.

Kada wani ya ce na ce fowil ba ta da amfani. Tana da shi, kuma na ci moriyarta. Duk wanda aiki ya taɓa kai shi ƙauye a watan Agusta ya san bambancin Hilux da ƙaramar mota a cikin taɓo. Wanda gidansa ke sabuwar unguwa da ba a yi wa kwalta ba, ya san abin da ake nufi da fita da safe bayan ruwan dare. A laka, a yashi, a hawan tudu mai santsi, ko fita daga mahaɗar titi da sauri, fowil ce sarauniya. Ko a kwana ma, idan kana ba ta wuta a hankali, takan fi zama daidai. Amma duk waɗannan maganar ja ce, ba maganar tsayawa ba.

Sannan ba duka fowil ce iri ɗaya ba, kuma da yawanmu ba mu san wadda muke hawa ba. Irin su CR-V da RAV4 na shekarun baya-bayan nan, a tafiyar yau da kullum kusan tayoyin gaba ne ke ja, sai na'ura ta ga ana buƙata take tura wani kaso baya. Prado da Land Cruiser kullum huɗun suna ja. Hilux kuma a titi tayoyin baya ne ke aiki, sai direba ya sa ta a 4H ko 4L da hannunsa, kuma ba a son a bar ta a haka a busasshiyar kwalta don tana wahalar da giya. Hilux da babu kaya a bayanta, a jiƙaƙƙen titi, tana daga cikin motocin da bayansu ya fi saurin zamewa. Ku tuna da wannan duk lokacin da kwambar manya ta wuce ku da jiniya cikin ruwa, 'yan rakiya a zaune a bayan buɗaɗɗiyar mota. Ni 'ya'yan mutanen nan nake tausaya wa.

Yawancin waɗannan motocin daga Amurka da Kanada ake kawo su, inda mutane ke sayen AWD saboda dusar ƙanƙara. Su ma can, masana tuƙi kullum faɗa musu suke cewa tayar da ta dace ta fi fowil muhimmanci wajen birki. Mu kuma mun ɗauki motar mun bar darasin.

Nan ne fa inda gizo ke saƙar: taya. Mutum zai zuba miliyoyi a mota, ya zo wurin taya ya ce a ba shi 'yar Beljiyam mai sauƙi. Na san halin da ake ciki, ni ma albashi nake jira. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa lissafi yake, shi ya sa ma wasu ke yarda bakanike ya cire musu farfela wai don rage shan mai. Amma mu duba abin da muke saye. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2316, mako na 23 ne na shekarar 2016. Roba tana tsufa ta taurare ko da zanenta bai cinye ba, kuma tauraren roba ba ya kama jiƙaƙƙen titi. A ƙasashen Turai doka ta hana hawa tayar da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6, kuma mutane da yawa tun kafin nan suke cirewa. Waɗanda suka cire ɗin, su ake lodowa a kawo mana. Wasu ma tayoyin sanyi ne, za ka ga hoton dutse da ƙanƙara a gefensu, robarsu mai laushi ce da ba a yi ta don zafin Sakkwato ko Maiduguri ba.

Motar ƙanena da muka duba, tayoyi huɗu kamfani uku ne, biyun baya sun haura shekara tara. Ya sayi sababbi biyu ya sa a gaba, kamar yadda kusan kowa ke yi. To kamfanonin taya akasin haka suke ba da shawara: idan biyu kawai za ka iya saye, a baya ake sa su. Dalili kuwa, idan gaba ya zame kana da sitiyari a hannu, kana iya rage wuta ta dawo. Idan baya ya zame, sai dai motar ta juya da kai, kamar yadda ta yi da mu. Na san masu faci da direbobi za su yi mini ca a kan wannan, bismillah. Ga mai AWD kuma akwai ƙari: tayoyin da girmansu ko cinyewarsu ta bambanta sosai suna sa na'urar raba ƙarfi aiki ba hutu har ta lalace, daga nan sai bakanike ya ce a cire farfela a huta.

Abin da ke ceton mutum a santsi, bayan Allah, ba AWD ba ne, ABS ne da na'urar hana zamewa, wadda Toyota ke kira VSC. Ita ce ke taka birkin taya ɗaya ita kaɗai don ta miƙar da mota idan ta fara juyawa. A Amurka tun daga motocin 2012 dole ne kowace sabuwar ƙaramar mota ta zo da ita. Yanzu ku faɗa mini gaskiya, motoci nawa kuka shiga a garin nan kuka ga fitilar ABS da VSC a kunne a gaban direba? Ka tambaya a ce maka "ai sensa ce kawai." Wani ma ya liƙe wurin da baƙin salatif don kada ta dame shi. Fitilar nan tana gaya maka ne cewa abin ba ya aiki.

Idan ka ji mota ta hau ruwa, sitiyari ya yi sakayau, kada ka danna birki, kada ka fizgi sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe ta a miƙe, tayoyin za su dawo ƙasa da kansu. Kuma a kula da ruwan farko bayan an kwana biyu ba a yi ba, shi ya fi santsi, saboda ƙura da baƙin man da suka taru a kan kwalta.

Sai maganar ƙetare ruwa mai gudu, wadda ita ce ta fi cin rai. Mun ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mun ga Mokwa a Mayun 2025. Ruwa ba ya tambayar sunan mota. Mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, wanda ya kai 60 yana tafiya da jif. Motar da ta fara iyo ba ta da fowil, ba ta da birki, ba ta da sitiyari. Kuma ba ka san ko kwalbatin da ke ƙarƙashin ruwan yana nan ko ya tafi ba. Ko ka tsira da ranka, idan inji ya shaƙi ruwa ta wurin shan iska, sai dai ka nemi wani injin. Sau nawa muka ga ƙananan motoci sun yi layi suna jira ruwa ya janye, sai mai jif ya zagaye su yana hon, yara suna masa tafi?

Abokin aikin nawa dai jiya bayan an tashi na ja shi muka tsuguna a gindin Highlander ɗin tasa. Farfela tana nan, na taya shi murna. Tayoyin gaba 2021 ne, na baya ɗaya 2017, ɗayar kuma ba mu iya karanta lambar ba saboda an goge ta. Ya yi shiru, ya ce sai an yi albashi. Ranar Juma'a kuma zai kai iyalinsa Katsina biki.