Fatar Kano, Sunan Maroko

A 1787 wani jirgin ruwa mai suna Columbia ya tashi daga Boston, ya sayi fatun karen ruwa a gaɓar arewa maso yammacin Amurka, ya kai su Kanton ta ƙasar Sin ya yi musaya da ganyen shayi. A 1792 matuƙinsa, Robert Gray, ya raɗa wa wani ƙaton kogi sunan jirgin, kuma da shi ake kiran kogin har gobe. Mu nan Kano raƙumi ne jirginmu, kuma fataucinmu na fata ya girmi nasu nesa ba kusa ba. Da Baturen nan matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana ɗaure jemammun fatu da takalma zuwa Tarabulus. Daga can fatun ke hawa jirgi zuwa Turai, inda aka daɗe ana kiran fatar jar akuyarmu fatar Maroko. Wahala tamu, suna na wani! Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ma ba mu damu ba. Je ka majemar Ƙofar Wambai ka ga dattijo tsugune bakin rami, hannunsa ya rine da ruwan bagaruwa, yana kankare gashi yadda kakansa ya yi, wari kuwa sai mai ƙarfin zuciya. Babu ko allo guda da zai gaya wa ɗan makaranta inda wannan fata ta taɓa kaiwa. Ita kuwa fatar saniya, masu ganda sun riga majema zuwa kwata.