Ba hatsarin kaɗai ke kwantar da mutum ba, har da hannunmu

1/ Jama'a, yau zan ɓata wa wasu rai. Ɗan kawuna ya faɗi da babur a hanyar Gwiwa zuwa Kazaure. Sanda mutane suka taru a kansa yana motsa yatsun ƙafarsa, shi ya gaya min da bakinsa. Yau shekara 2 yana kwance.

2/ Me aka yi masa? Wai taimako. Wannan ya kama hannu, wancan ƙafa, kai yana lilo, aka cusa shi a bayan mota kamar buhun gero. Har da mai zaunar da shi ya ɗura masa ruwa.

3/ Ku gane, ƙashin baya daban, laka daban. Laka ce ke cikin ƙashin, ita ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannu, ƙafa, mafitsara da hanji. Ƙashi in ya karye yana haɗewa. Laka in ta tsinke, har yau ba likitan da ke ɗinke ta, ko a Amurka.

4/ In a ƙasan baya ne, ƙafafu su mutu. In a wuya ne, har da hannaye. In ya yi sama sosai, numfashi ma sai da na'ura. Kuma ƙashi kan karye bai taɓa lakar ba, sai mun zo mun lanƙwasa mutum ya soke ta.

5/ Sai na biyu: aka wuce da shi gidan mai ɗori. Ban raina sana'ar kowa ba, amma wallahi baya ba ƙwauri ba ne da za a ja a murza. Sati 3 aka yi a can kafin a kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

6/ Na san za a ce ƙaddara. Na yarda da ƙaddara. To jan mutum ta ƙafa fa, shi ma saukar da shi aka yi daga sama?

7/ In ka tarar da wanda ya faɗi daga babur, amalanke ko bishiya yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa: kada ka tayar da shi sai in wuta ce ko mota za ta taka shi. Riƙe kansa kada ya juya. A kira 122, lambar jami'an kiyaye haɗura. In dole ne a ɗauka, mutum 4, a kan katako ko ƙyaure, kai da gangar jiki a miƙe.

8/ Abin da ba a sa wa a Facebook shi ne bayan sallama: robar fitsari, ciwon mafitsara, da gyambon kwanciya mai kisa in ba a juya mutum duk awa 2. Abokansa sun daina zuwa tun watan farko. Mahaifiyarsa ce ke juya shi dare da rana.

9/ Ranar Juma'a in na fito daga lacca zan hau motar Kazaure in karɓe ta, ko ta samu ta yi barci.