Daskarar da gawa a Amurka, da mintunan da muke bari su wuce a Tamale

Tun ranar 12 ga Janairun 1967 gawar wani malamin jami'a, James Bedford, take a daskare a Amurka, bisa fatan wata rana likitoci za su tashe shi. Kamfanoni irin su Alcor da ke jihar Arizona suna karɓar kusan dala dubu 200 su ajiye gawa cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Har yau ba a taɓa tayar da ko mutum ɗaya ba.

Babban abin da ke damunsu ƙwaƙwalwa ce. Idan zuciya ta tsaya, jini ya daina kai mata iska, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Shi ya sa ma'aikatansu ke zaman jira a gefen gadon mara lafiya. Likita na cewa rai ya yi halinsa, sai su tsoma shi cikin ƙanƙara, su ɗora na'urar danna ƙirji, su ba shi maganin hana jini gudajewa. Daga nan matsala ta taso: wanda ya fi son ƙwaƙwalwarsa ta tsira zai so a daskarar da shi tun yana numfashi. Wani Thomas Donaldson mai ciwon daji a ƙwaƙwalwa ya nemi kotun Kalifoniya ta ba shi wannan izini a 1990, ta hana, don kisa ne.

Ga Musulmi hukuncin a fili yake. Suratul Mu'minun ta nuna babu komowa duniya bayan shiga barzahu, kuma wanka da salla da binnewa haƙƙin mamaci ne a kanmu. Wasu ma kai kaɗai ake yankewa a ajiye, Allah Ya kiyashe mu.

Amma mintunan nan da suke tsere da su gaskiya ne, kuma mu ne ke asararsu. Dattijo ya yanke jiki ya faɗi a sahu, ko babur ya buge yaro a hanyar Aboabo, sai a taru ana salati, wani ya yayyafa ruwa, wani ya kawo zane ya lulluɓe. Kafin a isa Asibitin Koyarwa na Tamale ƙwaƙwalwa ta riga ta tafi, alhali zuciyar da ta tsaya yanzu-yanzu ana iya dawo da ita da izinin Allah.

Gaggauta jana'iza sunna ce, sai dai bayan an tabbatar da mutuwa. Muhtasar na Shehu Halil, da malamanmu ke karantarwa a zaure, ya keɓe wanda ya nutse a ruwa, ya ce a jinkirta, don tsoron binne mai rai. Malamai sun haɗa da wanda ya faɗi farat ɗaya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Amman a 1986 ta ɗauki tsayawar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya a matsayin mutuwa, bisa sharaɗin ƙwararrun likitoci su tabbatar ba ta dawowa. Wannan ba hukuncin 'yan kallo a bakin titi ba ne.

A Janairun 2020 gwamnati ta raba motocin ɗaukar marasa lafiya 307, kowace mazaɓa da tata, amma da wuya mota ta iso cikin minti 5. Wanda ke kusa shi ne zai fara: a kira 112, a kwantar da mutumin rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har ma'aikatan lafiya su karɓa. Kwamitocin masallatanmu na iya gayyato ma'aikatan jinya daga cikin jama'arsu su koya wa ladanai da ɗalibai wannan bayan sallar La'asar.