Ƙaryar Baka da Darajar Magana a Ƙasar Zurmi

Ba kowace maganar da ta saɓa wa zahiri ce Bahaushe yake kira ƙarya ba. Majinyacin da aka gaishe shi ya ce "da sauƙi" godiya yake yi wa Ubangiji. Baƙon da aka yi wa tayin tuwo ya ce ya ƙoshi, kara ya yi. Ita ma mai tatsuniya takan rufe da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, watau ta fita haƙƙin masu sauraro. A duk waɗannan ba wanda aka yaudara, domin kowa ya san ma'anar.

Abin da ya kamata mu ɗalibai da malamanmu mu duba shi ne ƙaryar da muka saba da ita har ta daina ba mu kunya. Ɗan kasuwa a Shinkafi ko Ƙauran Namoda yakan rantse cewa ko uwar kuɗi ba a taya ba, alhali ya san riba ta fito. Mai bashi yakan ce "gobe in Allah ya yarda", ya fake da sunan Allah. Dillali kuwa yakan yabi saniya yana sane da ciwonta. A 1974 Kirk-Greene ya sa gaskiya cikin siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa, amma yau sai mu ce wa maƙaryaci mai wayo.

Wani zai ce ai wannan ciniki ne kawai. To, a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. Mutumin Zurmi ya koma dogaro da bakin ɗan'uwansa don ya san ko hanya ta biyu. A irin wannan hali, wanda ya saba ƙari a zance yana iya tayar da ƙauye guda a banza. Ran da ya zo da gaskiya kuma, babu mai motsawa.

Saboda haka gyara daga gida zai fara. Uban da ya aiki ɗansa ya ce wa mai sallama ba ya nan, shi ya ɗora masa karatun farko. Mu riƙe kara da kunya, mu bar wa rantsuwa nauyinta, domin akwai ranar da ran wani zai rataya a kan maganarmu.