Kafin ka tura bidiyon "allolin Hausawa", tambayi inda aka samo su

Duk mai buga gem a waya ya saba da addinan da aka ƙirƙira. A Genshin Impact, wanda wani kamfanin China ya fitar a 2020, an raba duniya yanki bakwai, kowane da abin bautarsa. A The Legend of Zelda: Ocarina of Time na 1998, wasu mata uku masu suna Din, Nayru da Farore ne aka ce sun yi ƙasa da doka da rai. Babu mai hankalin da ke ɗaukar wannan a matsayin aƙida. Marubutan kamfani ne suka zauna suka tsara, aka biya su, kuma kowa ya san haka.

Matsalar tana farawa ne idan irin wannan ƙirƙira ta ari sunan gari na gaske. Tun da Meta AI ya shigo WhatsApp a Najeriya a Afrilun 2024, matashi a Rano ko Kibiya zai iya rubuta tambaya ɗaya kan abin da kakanninsa suka yi imani da shi kafin Musulunci, cikin daƙiƙa kaɗan ya samu cikakken labari: sarkin alloli, matarsa, yadda aka halicci duwatsu, har da dokoki. Ya haɗa hoto, ya sa murya, ya ɗora a TikTok. Washegari abin ya zama "tarihin da aka ɓoye mana".

Ya kamata a fahimci yadda waɗannan manhajoji ke aiki. Hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya suke yi, bisa tarin rubutun da aka horar da su da shi. Rubutu kan gumakan Girka da na Turawan Arewa ya cika intanet, na ƙasar Hausa kuwa ɗan kaɗan ne. Inda bayani ya yi ƙaranci, manhajar takan cike giɓin da salon da ta fi sani. Sai ka ga an ɗauko tsarin Girkawa an sa masa rawani.

Abin da ke rubuce da gaske ya sha bamban da haka. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala: wurin bauta da aka kewaye da katanga, mutum ɗaya ne ke shiga, ana kai baƙaƙen dabbobi. Littafin ya fi mayar da hankali kan mulki da sarauta, har da isowar Wangarawa a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Labarin Bayajidda kuma, wanda ya sanya Rano cikin Hausa Bakwai, bayani ne kan asalin sarautu, bai taɓo halittar duniya ba.

Shi ma Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya kuma fitar da littafinsa a 1946, abin da ya tarar shi ne mutanen sun yarda akwai Allah Mahalicci, amma harkarsu ta yau da kullum da iskoki take. A bori ma sunayen sanannu ne: Inna, Kure, Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, da birninsu Jangare. Wato duk wanda ya kawo maka jerin alloli goma sha biyu da suka yi taro suka halicci dutsen Rano, to daga kansa ko daga wayarsa ya samo.

Wani zai ce ai nishaɗi ne. Amma akwai hasara guda uku. Ta farko, Maguzawa mutane ne da ke raye a ƙauyukan kudancin Kano, wasu sun musulunta, wasu sun zama Kiristoci, kuma jingina musu aƙidar da ba tasu ba ƙazafi ne. Ta biyu, a jiha irin Kano magana kan addini ba ta da ƙanƙanta, bidiyo ɗaya zai iya jawo wa mai shi da wasu fitinar da bai shirya mata ba. Ta uku ita ce wadda masu harkar fasaha suka fi tsoro: abin da aka ɗora yau, shi manhajojin gobe za su kwasa su koya. Ƙarya ta koma madogara, kuma da Hausa babu isasshen rubutu na ƙwarai da zai rinjaye ta.

Wannan ba hujja ba ce ta hana matasa ƙirƙira. Kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, ya gina duniyarsa da ƙamshin al'adun Afirka, ya kuma ba ta sunayen da babu su a taswira. Matashin da ke koyon haɗa gem a Rano zai iya bin wannan hanya: ya ƙirƙiri garinsa, ya raɗa sunayensa, ya rubuta a fili cewa ƙage ne. Wanda ya yi amfani da AI wajen haɗa bidiyo ya kunna alamar da TikTok ya tanada don haka. Mai kallo kuma ya nemi sunan littafi ko sunan wanda ya faɗa kafin ya danna turawa.

Akwai aikin da ya fi wannan riba. Wayar da ke haɗa hoton gunki a minti ɗaya tana iya naɗar muryar dattijo na awa guda. Tsofaffin Rano da Kibiya sun san sunayen duwatsu da kufai da rijiyoyi, sun san waɗanda suka fara zama a kowace unguwa. A nemi izininsu, a naɗa, a rubuta suna da rana da wuri, a kai abin da aka tabbatar Wikipedia ta Hausa. Ƙirƙirarren labari ana iya yin sa a kowane lokaci, amma dattijon da ya riƙe na gaske ba zai jira ba.